Inshora sun ƙi biyan inhelar yarona mai asma, ina zan bi?

Maman Walid:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema wajen duk wanda ya san harkar inshorar lafiya. Yarona ɗan shekara tara yana da asma tun yana ƙarami, da can sai hunturu ya shigo take tashi amma bana tun kafin ƙura ta sauko yake kwana tari, numfashi na fita da ƙara, har ta kai an kwantar da shi an sa masa oksijin. Da aka sallame mu likitan yara ya rubuta masa inhelar Seretide ya ce safe da dare kullum ko da lafiyarsa ƙalau. Muka kai takardar teburin inshora na asibitin suka ce mu jira kod, wato lambar amincewar kamfanin inshora, daga baya yarinyar da ke wajen ta ce kamfani ya ce babu shi a tsarinmu, sai dai su ba mu Ventolin da ƙwayar prednisolone kamar kullum. Ta wajen aikin babansa muke da inshorar, kamfani ne mai zaman kansa kuma duk wata ana yankar kuɗin a albashi. Na sayi guda ɗaya da kuɗina wlh tun da ya fara yake barci har asuba, amma ba zan iya saye duk wata ba. Akwai inda ake kai ƙara ko haƙuri kawai zan yi?

Hajiya Kaka:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ne. Ni dai abin da ke ba ni tsoro shi ne wannan abin shaƙar kullum kullum ga ƙaramin yaro, ana cewa in jiki ya saba shikenan ba a rabuwa da shi. Ki riƙa ba shi zuma da habbatus sauda da safe, ki rufe masa ƙirji da kyau.

Baban Ikram:
Allah ya ƙara sauƙi. Gaskiya in faɗa miki kar ki ɓata lokacinki, mutanen nan in suka ce a'a to a'a ce, zarya kawai za ki yi ta yi kuɗin mota ma ya ishe ki. Ku matse ku riƙa saye, lafiyar yaro ta fi.

Anti Nas:
Maman Walid tambaya ɗaya kafin komai, wannan ƙin da suka yi a rubuce aka ba ki ko da baki kawai aka faɗa miki?

Maman Walid:
Da baki ne Anti, ta duba kwamfuta ta ce min sun ƙi, ko takarda ba ta ba ni ba.

Anti Nas:
To ai har yanzu ba ki san wa ya ƙi ba ƙanwata. Na daɗe a asibiti na ga irin wannan da yawa, wani lokaci kamfanin ne ya ƙi da gaske, wani lokaci kuma buƙatar ma ba a tura ba, ko an tura babu bayanin likita a ciki. Gobe ki koma ki ce su nuna miki ranar da suka tura da amsar da ta dawo, ki ɗauki hoto da wayarki, sannan ki juya bayan katinku akwai lambar kamfanin ki kira su da kanki ki ce a turo miki dalilin ƙin ta imel ko ta tes. Ki rubuta sunan wanda ya ɗaga wayar da lokacin. Kar ki yi faɗa da yarinyar teburin, ba ita ke yanke hukunci ba kuma za ki sake buƙatarta.

Dakta M:
Salam. Bari in fara da maganar Hajiya don tana da muhimmanci kuma iyaye da yawa haka suke ji. Hajiya ku yi haƙuri, inhela ba ta sa jiki ya kamu da ita yadda ake faɗa. Asma kumburi ne a cikin hanyoyin iska na huhu, kuma kumburin yana nan ko a ranar da yaro ke wasansa ba ya tari. Ventolin, wato salbutamol, buɗe hanyar kawai yake yi cikin 'yan mintuna, bayan awa huɗu zuwa shida aikinsa ya ƙare, kumburin kuma bai taɓa shi ba. Seretide magani biyu ne a haɗe, fluticasone mai kwantar da kumburin da salmeterol mai riƙe hanyar a buɗe na tsawon awanni, shi ya sa ake sha kullum. Abin da mutane ke gani su ce ai ya saba, ciwon ne yake dawowa in an daina maganin don dama bai tafi ba. Zuma ba laifi in yana so, amma ba za ta tsaya a madadin wannan ba.

Sai abin da ya shafi kamfanin. Tun 2019 kwamitin GINA, wanda likitocin duniya ke bin ƙa'idarsa kan asma, ya daina amincewa a riƙe babba ko matashi da salbutamol shi kaɗai, kuma yara 'yan shekara 6 zuwa 11 ma ƙa'idar ta ce a sa musu maganin kumburi na shaƙa. An gano cewa wanda ke shanye gwangwanin salbutamol uku ko fiye a shekara yana cikin haɗarin mummunan tashin ciwon. Ita kuma prednisolone ta 'yan kwanaki ce lokacin da abin ya tashi, in ana maimaita ta ga yaro akai akai tana taɓa ƙashi da girma da sukari da ƙiba. Don haka abin da suka ce za su ba ki bai zama madadin abin da likitansa ya rubuta ba, kuma wannan ce hujjarki mafi ƙarfi.

Hajiya Kaka:
To Likita na ji, Allah ya saka da alheri. Amma shi wannan na kullum ɗin ba shi da illa ko kaɗan? Jikata ma an rubuta mata uwarta ta ɓoye.

Dakta M:
Yana da ita Hajiya amma kaɗan ce, don abin da ke shiga jini ta shaƙa bai kai na ƙwaya ba ko kusa. Yakan sa farin ƙuraje a baki ko dishewar murya, maganinsa a kuskure baki da ruwa a tofar bayan kowace shaƙa. Yana iya ɗan taɓa tsayi kaɗan, shi ya sa muke auna yaro in ya zo kuma muke rage ƙarfin maganin in ciwon ya lafa na watanni. Dan Allah ku ce wa uwar yarinyar ta fito da shi ta koma wajen likitansu.

Abu Fadil:
Assalamu alaikum. Ni a kamfanin inshorar lafiya nake aiki, ɓangaren da ke duba buƙatun asibitoci, ban san ko namu ne ko na wasu ba kuma ba sai kin faɗa ba. Zan gaya miki yadda abin yake daga ciki. In buƙata ta zo an rubuta Seretide kawai da kalmar asma, mai dubawa zai buɗe jerin magungunan tsarinku, in bai ga wannan sunan ba zai danna ƙi ya wuce ta gaba don ɗaruruwa ne a gabansa. Sau da yawa sunan kamfani ne babu a jerin amma sinadarin yana nan, da likita ya rubuta fluticasone da salmeterol da ya wuce. Wani lokaci kuma tsarin da wajen aikin maigida suka saya yana da iyakar kuɗin da za a kashe a shekara kan ciwon da ba ya warkewa kamar asma da hawan jini da ciwon suga, in kwanciyar da aka yi ta cinye kuɗin to sai a ce babu. Akwai kuma wanda ba a cika faɗa ba, farashin da kamfani ya yarda zai biya asibiti kan maganin tsoho ne, ya yi ƙasa da na kasuwa, asibiti in ya ba ki asara zai yi, to maimakon a yi miki dogon bayani sai a ce miki ba ya ciki. Kowanne da hanyar da ake bi masa, shi ya sa maganar Anti Nas ita ce farko, ki san wanne ne naki.

Baban Ikram:
Abu Fadil ka ji abin da kake faɗa kuwa? Mutum zai danna ƙi ya wuce, yaro kuma yana can ba ya iya numfashi. Ranar karɓar kuɗi ba kwa cewa a kawo bayani, sai ranar biya. Uwa tana jinya kuma ita za ta zama mai bin fayil ofis ofis, wannan ai zalunci ne.

Abu Fadil:
Ban ce daidai ba ne Baban Ikram, na faɗi yadda yake ne don ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Ni kaina abin yana damuna. Amma ka sani kuɗin da wasu ma'aikatu ke biya kan kowane kai a shekara bai taka kara ya karya ba, su je su zaɓi tsari mafi arha sannan su ce wa ma'aikata an yi muku inshora ba tare da sun nuna musu abin da ke ciki ba. Laifin ya rabu gida gida. Kuma in kowa ya bi shawararka ya yi shiru ya saya, a takardunmu zai nuna babu wanda ya yi ƙorafi, shekara mai zuwa a sabunta tsarin yadda yake.

Baban Ikram:
Kwanciya asibiti da oksijin kun biya, wadda ta fi tsada, amma abin da zai hana kwanciyar kun ƙi. Ko ta fuskar riba ma ina hankali a nan?

Abu Fadil:
Wannan maganar taka ita nake so ta shiga cikin wasiƙarta, don likitocin kamfani suna jin ta. Mai duba buƙata a matakin farko ba shi da ikon karya jeri, amma shugaban sashen likitoci yana da shi, kuma in aka ajiye masa kuɗin kwanciya gefe guda da kuɗin inhela gefe guda yakan sa hannu.

Malam Famasis:
Bari in sa baki kan tsadar. A watan Agustan 2023 kamfanin GSK mai yin Ventolin da Seretide ya sanar zai daina harkarsa kai tsaye a Najeriya ya koma ba wasu dillalai su riƙa shigo da kayansa, ga shi kuma a shekarar ce aka saki naira dala ta haura, to abu biyun suka haɗu farashin inhela ya ninka ya sake ninkawa har wani lokaci a neme ta a rasa. Farashin da ke cikin yarjejeniyar asibitoci da kamfanonin inshora bai bi wannan gudun ba. Amma akwai fluticasone da salmeterol na wasu kamfanoni, galibi na Indiya, masu rajistar NAFDAC kuma sun fi sauƙi sosai. Maman Walid ki tambayi likitansa ko ya yarda a canza, in ya yarda ya rubuta sunan sinadarin da ƙarfinsa. Ki lura da abu biyu, ƙarfin ya zama iri ɗaya da wanda yake sha, sannan akwai na fesawa akwai na gari da ake zuƙa, yadda ake amfani da su ba ɗaya ba ne. Kar ki dogara da kala ki ce ai fafal ce irin ta Seretide, kalar wani kamfani daban take, suna za ki karanta. Kuma ki saya a famasi mai rajista, lokacin da abu ya yi tsada ne jabu ke yawa.

Maman Walid:
Na gode sosai wlh, ni duk ban san wannan ba. Nasa na fesawa ne. Yanzu wasiƙar wa zai rubuta, ni ko likita? Kuma me zan ce a ciki?

Dakta M:
Biyu ne, ɗaya daga likitansa ɗaya daga ku. Ta likita rahoto ne gajere a takardar asibiti mai tambari, ya faɗi tun yaushe aka tabbatar asma ce, sau nawa aka kawo shi imajansi ko aka kwantar da shi a wata goma sha biyun da suka wuce da ranakun, sau nawa aka ba shi prednisolone, gwangwanin Ventolin nawa ya shanye, dare nawa a mako yake farkawa, da abin da aka gwada a baya bai isa ba. In an taɓa yi masa gwajin hura iska a sa sakamakon. A ƙarshe ya faɗa ƙarara cewa salbutamol shi kaɗai bai dace da wannan yaron ba kuma rashin maganin zai iya mayar da shi gado. Abu ɗaya ki shirya masa, za su iya tambaya ko an fara gwada maganin kumburi shi kaɗai kamar beclometasone ko budesonide kafin a hau na haɗin, don shi ne matakin ƙasa kuma ya fi arha, su biyun suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. In an gwada a rubuta, in ba a gwada ba likitan ya bayyana dalilin da ya sa ya tsallake.

Maman Walid:
An taɓa ba shi na kumburi shi kaɗai ɗin, inhela mai ruwan ƙasa, bara a wani asibiti, ya sha wata da watanni amma tarin dare bai tsaya ba.

Dakta M:
Madalla, to ki nemo katin wancan asibitin ko rasit ko kwalin ma in yana nan, ki kai wa likitan ya sa a rahoton.

Barista Ummu Sultan:
Taku wasiƙar kuma maigida ne zai sa hannu tunda sunansa ne a kan inshorar. Shafi ɗaya ya isa, lambar katinku, sunan yaro, ranar da aka ƙi, abin da kuke nema a fili wato a amince da maganin na wata shida ko shekara ba na wata ɗaya ba, da ranar da kuke jiran amsa a rubuce. Ku haɗa da rahoton likita da takardar sallama da rasit. Ku tura ta imel, in kun kai da hannu a buga muku tambarin an karɓa a kan kwafinku. Sannan maigida ya je ofishin kula da ma'aikata na wajen aikinsu ya nemi cikakkiyar takardar tsarin, wadda ta jera abin da ke ciki da abin da aka cire, haƙƙinsa ne ya gani, kuma ya sa su a kwafin wasiƙar don su ne masu biyan kamfanin, kiransu ɗaya ya fi naku goma nauyi.

In duk an yi haka ba su motsa ba akwai NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa. A watan Mayun 2022 aka sa hannu kan dokar da ta kafa ta a madadin tsohuwar hukumar NHIS, kuma ita ke ba kamfanonin nan izinin aiki tana sa musu ido, tana da ofis a jihohi ana kai ƙorafi a rubuce. Daga 1 ga Afrilun 2025 ta ba da umarnin cewa in asibiti ya nemi kod a ba shi amsa cikin awa ɗaya, in za a ƙi ma a sanar cikin wannan awar da dalili, kuma a halin gaggawa a fara magani tukun a nemi kod daga baya cikin awa 48. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ma ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Akwai kuma FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, da kundin haƙƙin majinyata da aka ƙaddamar a 2018 wanda ya ce kina da ikon samun bayanan fayil ɗin yaronki da ikon yin ƙorafi. Amma ki bi daki daki, in kika fara da hukuma tambayar farko da za su yi miki ita ce kin rubuta wa kamfanin? ina amsarsu?

Baban Ikram:
Barista duk wannan a takarda ne. Awa ɗaya? Mutane na wuni a benci suna jiran kod.

Barista Ummu Sultan:
Na sani ana wuni, amma wanda ya san da umarnin ya ambace shi a wasiƙarsa da ranar da lokacin da aka tura buƙata ba a yi masa irin riƙon da ake yi wa wanda bai sani ba. Dokar da ba a ɗaga ta ai kwanciya take yi.

Yaya Sani daga Amurka:
Ina ta karantawa, Allah ya ba yaro lafiya. Nan ma haka muke fama kar ku ɗauka can ne kawai, 'yata ma asma gare ta kuma an taɓa ƙin nata aka ce sai ta fara gwada mai arha. Bambancin nan dole su aiko maka da ƙin a rubuce da dalili, kana da kwana 180 ka ɗaukaka ƙara a cikin kamfanin, in sun sake ƙi ka kai wa masu duba na waje da ba ma'aikatansu ba kuma hukuncinsu ya hau kan kamfanin. Abin da ya yi mana aiki shi ne likitarta ta kira likitan kamfanin suka yi magana baki da baki. Maman Walid ki roƙi likitanku ko zai yarda ya kira, minti biyar ne a wajensa.

Abu Fadil:
Nan ma ana yi Yaya Sani, kuma yana aiki. Ta ce wa mai ɗaga waya a haɗa ta da sashen likitoci ko a ba ta imel ɗinsu, kar ta tsaya a kan masu amsa kira.

Anti Nas:
Kafin duk wannan ya kammala dan Allah kar maganin ya yanke, ko bashi ne a ci a sayi na wata mai zuwa a ajiye rasit. Kuma Ventolin ɗin da suke bayarwa ki karɓa, shi ne na lokacin tashi, Seretide ba a shaƙarsa don a kwantar da tashin da ya riga ya zo. Ventolin ɗin ɗaya a gida ɗaya a jakar makaranta, malaminsa ya sani. Yana da sifesa kuwa? Ina nufin robar nan da ake maƙala inhelar a gindinta yaro ya shaƙa ta ɗaya bakin.

Maman Walid:
Babu Anti, kai tsaye yake fesawa a baki.

Anti Nas:
To rabin maganin a maƙogwaro yake tsayawa. Ki sa sifesa a cikin abin da kuke nema a wasiƙar. Kafin nan gorar ruwa ta roba mai rabin lita tana yi, a huda gindinta daidai bakin inhelar a toshe gefen kar iska ta fita, an yi bincike a kai a Afirka ta Kudu an ga tana aiki ga yara. A girgiza, fesa ɗaya, ya ja numfashi a hankali kamar sau biyar, sannan fesa na biyu. Ki kai wa nas ta duba yadda yake yi. Sai kuma gida, turaren wuta da maganin sauro na ƙonawa da hayaƙin itace da na janareto duk a nisanta shi da su, a yayyafa ruwa kafin shara, in ƙura ta yi yawa ya sa takunkumi zuwa makaranta. In kika ga ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja numfashi, ko tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa, ko leɓensa ya canza kala, ko an ba shi Ventolin bai sassauta ba, ki tafi imajansi kawai kar ki tsaya jiran kod ɗin kowa.

Hajiya Kaka:
Turaren wuta kam sai a haƙura da shi saboda yaro. Allah ya raya mana su.

Maman Walid:
Salam 'yan uwa na dawo da bayani. Na kira kamfanin suka duba suka ce buƙatar ta zo musu da sunan Seretide kawai babu rahoto, kuma sunan ba ya jerinsu. Likitan ya rubuta rahoton Allah ya saka masa, ya sa har da na bara, ya canza zuwa sunan sinadarin, babansa ya kai wa ofishinsu suka tura da kansu. Yanzu sun turo imel sun amince da na wani kamfani na wata uku, za a riƙa kawowa ta wani famasi da suke hulɗa da shi ba ta asibitin ba, bayan wata ukun a sake kawo rahoto. Sifesa sun ce ba ta ciki. Kuɗin wanda na saya kuma sun ce ba za su mayar ba wai don ban nemi izini kafin in saya ba.

Malam Famasis:
Alhamdulillah. In ya zo ki gwada lambobin ƙarfin da ke jikinsa da na tsohon kwalin, ki duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC, in bai zama na fesawa ba ki koma wa likita kafin ya fara.

Dakta M:
Masha Allah. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta daren da ya farka da ranar da ya nemi Ventolin da ranar da ya fasa makaranta, wannan littafin shi zai zama rahoton wata uku, kuma ki nemi ganin likita tun saura mako uku kar maganin ya ƙare kuna jiran amsa.

Baban Ikram:
Na taya ki murna amma ni har yanzu raina bai kwanta ba. Maman Walid tana da waya tana da karatu tana da mijin da ofishinsu ya tsaya masa. Matar da ba ta iya rubuta imel ba fa, aka ce mata babu ta juya ta tafi gida da ƙwayar prednisolone? Su ne suka fi yawa. Kuma wata uku kawai, ciwon da kowa ya san ba ya ƙarewa a wata uku.

Abu Fadil:
Kan wannan ba ni da abin da zan kare. Abin da zan iya cewa ma'aikatan wajen su haɗu su nemi a sa magungunan asma na kullum da sifesa cikin tsarin lokacin sabuntawa, a nan ne ake canza jeri, kuma in mutum goma suka nema tare ana ji.

Maman 'Yan Biyu:
Ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni ma'aikaciyar gwamnatin tarayya ce, namu na NHIA ne muna biyan kashi goma cikin ɗari na kuɗin magani, ni ce mai asmar. Asibitinmu kullum sai su ce inhela ta ƙare in je in saya a waje, ba su taɓa cewa ba ta ciki ba. Ni wa zan rubuta wa?

Barista Ummu Sultan:
Naki ya bambanta da nata, ba ƙi aka yi ba, rashin kaya aka ce, kuma asibitin da aka yi miki rajista shi ke da alhakin samo maganin da ke cikin jeri. Duk ranar da suka ce babu ki sa su rubuta a jikin takardar maganin cewa babu, da kwanan wata da sa hannu, ki saya ki karɓi rasit mai sunanki. Ki rubuta wa shugaban asibitin ki ba HMO ɗinku, wato kamfanin inshorar da ke kula da ku, kwafi, in shiru ki kai ofishin NHIA na jiharku da kwafin duka. Maman Walid ke ma kar ki bar maganar kuɗinki, ki mayar musu da amsa cewa izini kin nema ta hannun asibiti ranar kaza aka ƙi, bayan ƙin kika saya, kuma yanzu su da kansu sun amince yaron na buƙatar maganin.

Abu Fadil:
Ta haɗa da hoton amsar farko da ke nuna ranar da aka ƙi, ranar rasit ɗin ta zama bayanta. Watakila ba za su biya duka ba, za su ce sai dai a farashin jerinsu, amma ta nema a rubuce kuma ta yi sauri don yawancin tsare-tsare suna da wa'adin neman mayar da kuɗi, yana cikin takardar da maigida ya karɓo.

Maman Walid:
Hoton yana wayata tun ranar da Anti Nas ta ce in ɗauka. Bari babansa ya dawo mu duba wa'adin a takardar yau da daddare.